Bindigar da Dobrila Ta Zaɓa

Yayata Dobrila ta haura shekara sittin ba ta taɓa riƙe bindiga ba. Ko kaza ba ita ke yankawa a gidanta ba, aikin mijinta Vukashin ne. Shi ya sa ranar da ta bugo mini waya ta ce in zo in kai ta birnin Nish ta sayi bindiga, na ɗauka ban ji daidai ba.

"Bindiga fa kika ce, Yaya?"

"Kunnen naka ma ya tsufa ne, Branimir? Bindiga na ce. Ka ƙare ƙuruciyarka kana bin aladun daji a dawa ba ka taɓa kawo mana ko wutsiya ba, amma ai ka san inda ake sayarwa."

Ban yi dariya ba, don na san abin da ya jawo maganar.

Ƙauyenmu yana can kan tudu, gaba da inda kwalta ta ƙare. Da muna yara makarantarmu cike take maƙil. Yanzu in sanyi ya shigo, gidajen da hayaƙi ke tashi daga rufinsu ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Matasa duk sun watse Jamus da Austriya. Ni ma tun da na samu aiki a hukumar ruwa na sauko gari. Slavitsa, 'yar Dobrila tilo, tana birnin Viyana na Austriya tana jinyar tsofaffi a gidajen masu hali. Gidan yayata shi ne na ƙarshe a layin, daga shi sai daji.

Vukashin mai busa begila ne. A zamaninsa ba a ɗaurin aure ko walimar raka saurayi soja a ƙauyukan nan ba da shi ba. Dogo ne, ga barkwanci, ga son mutane. Gigin tsufa ya kama shi da wuri. Da farko inda ya ajiye keke yake mantawa, daga baya ya koma manta hanyar gida. A lokacin da abin nan ya faru, in na je gaishe su da sunan marigayi mahaifinmu yake kirana, ni kuma in amsa.

Bayan ƙanƙara ta narke a shekarar, wata rana da hantsi Dobrila ta gangara gona. Wasu maza suka tsaya da farar mota a ƙofar gidan, wai masu sayen tsofaffin ƙarafa ne. Vukashin ya yi musu maraba, ya ɗora musu gahawa a wuta. Suka kwashe tukunyar tagullar da ake dafa barasa, da zarto mai inji, da talabijin, shi da kansa yana taya su ɗauka. Sai da ɗayansu ya miƙa hannu ya sauke begilar daga bango ne ya riƙe ta gam ya ƙi saki. Suka yi masa dukan da ba a yi wa tsoho.

Da ta dawo ta tarar da shi zaune a dokin ƙofa, gaban rigarsa duk jini, haƙoransa biyu a tafin hannunsa, tukunyar gahawa ta ƙone ƙurmus. Ya ɗago kai ya dube ta ya ce, "Mun yi baƙi, na rasa inda kika sa sukari."

'Yan sanda sun zo sun yi tambayoyi sun tafi. Ban ga laifinsu ba, mota ɗaya ce ke zagaya ƙauyuka barkatai. Ba a kama kowa ba.

Na je na ɗauko ta ranar wata Alhamis, muka bar Vukashin a hannun wata tsohuwar maƙwabciyarsu. Kantin Milutin na kai ta, tsohon abokin farautata. Ƙato ne mai tumbi, kunnensa ɗaya ya mutu saboda ƙarar harbi, don haka komai da ƙarfi yake faɗa. A bayan kantin akwai dogon ɗakin koyon harbi na ƙungiyarsu.

"Bane, har yanzu aladun suna gaishe ka?" in ji shi, don haka yake gajarta sunana. Da ya ga Dobrila sai ya cire hula. "Sannu da zuwa, Yaya. Ƙanen naki kika rako?"

"Shi ya rako ni. Ni ce mai saye."

Ni na riga na yanke mata hukunci tun a mota. Na ce ya kawo mai baki biyu, irin ta farauta. Ba ta buƙatar saiti sosai, kuma ganin bakinta kaɗai ya isa ya sa ɓarawo ya tuna da uwarsa. Milutin bai yi gardama ba. Ya sauko da ita, ya kai mu ɗakin baya, ya sa wa Dobrila abin toshe kunne, ya gyara mata tsayuwa. Tun kafin ta harba na ga bakin bindigar yana rinjayar hannunta yana yin ƙasa. Ta ja kunama. Ba don Milutin na bayanta ba da ta zauna daɓas.

Ta cire abin kunnen tana murza kafaɗa. "Wannan ai jaki ka ba ni, shuri take yi. Kai Branimir, so kake in kashe ɓarawo ko in karya ƙashina?"

"Za ki saba, Yaya."

"Ba za ta saba ba," in ji Milutin. "Tsoronta za ta riƙa ji. Wanda ke tsoron bindigarsa rufe ido yake in zai harba, kuma ba ya zuwa koyo. Sai ta zama sanda a bayan ƙofa."

Ya kawo fistol, baƙa, marar nauyi, irin ta zamani. Ta zauna mata a hannu daidai. Ya nuna mata yadda ake jan samanta baya don harsashi ya hau. Ta gwada, ta ƙara gwadawa. Yatsunta da amosani ya tanƙwara suka kasa. Ta tokare ta a cikinta ta ja da iya ƙarfinta, har fuskarta ta yi ja. Na ce akwai dabara, na miƙa hannu zan nuna mata. Milutin ya girgiza kai.

"Nan da take cikin natsuwa ma ta kasa. Ranar da abu ya faru hannu gumi yake yi, Bane. Kai ma ka sani."

Dobrila ta ajiye fistol ɗin a hankali, ta ɓoye hannayenta a aljihun kwat ɗinta. Na san ta tun ina rarrafe, na san kunya ce ta kama ta. Ta ce, "To mu tafi. Dama wauta ce irin ta tsofaffi."

"Dakata tukuna." Ya shiga ciki ya fito da wata libarba, ƙaramar bindiga mai gidan harsashi da ke juyawa, a cikin tsumma. Ba sabuwa ba ce, katakon mariƙinta har ya yi santsi. Ya ce wani mai gadin ma'aikata ne ya kawo ta da ya yi ritaya. Ya danna wani ɗan maɓalli, gidan harsashin ya faɗo gefe, ramukansa a fili.

Dobrila ta karɓa ta ɗaga ta saitin fitila, ta leƙa ramukan ɗaya bayan ɗaya. "Yauwa. Wannan na gane ta. Ina ganin abin da ke cikinta da abin da babu."

Kunamar ta yi mata tauri, sai ya koya mata ta fara ɗana ta da babban yatsa, daga nan taɓawa kaɗan ta isa. Ya sa mata ƙananan harsasai masu sauƙi. Na farko ya tafi can gefen takardar da aka liƙa don saiti. Na biyu ya matso. Na uku ya shiga cikin baƙin da'irar. Ta juyo ta dube ni da bindigar a hannu, Milutin ya cafke hannun ya mayar da shi gaba.

"Bakinta ba ya kallon mutum, Yaya, ko da babu komai a ciki. Ko wannan ƙanen naki, duk da dai ba a yi asara ba."

Da muka koma kanti ya zuba mana gahawa, ya rage murya iya yadda zai iya. "Zan tambaye ki abu, kada ki ji haushi. In mutum ya shigo miki gida, za ki iya harbinsa?"

Ta daɗe tana juya kofin. "Ban sani ba. Abin da na sani, ba na son in sake tarar da mijina yadda na tarar da shi."

"Ya isa. Masu ce mini za su iya tun ban rufe baki ba, su ne ba na son sayar wa. Wa da wa ke gidan?"

"Ni da shi. Ba shi da lafiya. Kansa ne."

Milutin ya dube ni, ya sake dubanta. Ya ce dole a kafa akwatin ƙarfe a jikin bango, kuma makullin kada ya kwana a aljihun riga ko ƙarƙashin matashi. A jikinta zai zauna, ko wanka za ta shiga.

Izinin ya ɗauki watanni. Sai da likita ya duba ta, ta yi karatun doka, 'yan sanda suka hau har ƙauye suka ga akwatin da na kafa mata a bayan kabad. Duk tsawon wannan lokaci libarbar na wurin Milutin, mu kuma duk Alhamis muna hanyar Nish.

Ban taɓa zaton abin zai shige ta haka ba. Kafin damina ta yi nisa ta fi ni saiti, Milutin kuwa ba ya gajiya da shelanta wa duk wanda ya shigo. Ta fara gyara gashinta in za mu fita. In mun gama sai mu tsaya wurin mai burek, wannan gurasar mai cuku a ciki, mu ci da kindirmo, ta yi ta zolayata har maiƙo na gangaro mata a haɓa. Wata rana a mota ta ce mini, "Ka san me nake so a wurin nan? In na sa abin kunnen nan babu mai kirana. Ba na tunanin ko ya kunna murhu, ko ya fita ba takalmi. Ɗigo ɗaya ne a gabana, shi kaɗai." Sai ta ƙara da cewa, "Allah ya yafe mini."

Takan kawo takardun da ta harba gida ta liƙa a kicin. Vukashin yakan tsaya a gabansu ya daɗe, ya ce asu sun yi ɓarna a gidan nan, ya kamata a sa magani.

Slavitsa ba ta ji daɗi ba ko kaɗan. Ina zaune suka yi waya, muryarta har inda nake. "Mama, kin san abin da kike yi kuwa? Bindiga, a gidan da Baba yake? Ki bari a samar masa wuri a gidan kula da tsofaffi, ke ki taho nan."

"Ke kina can kina wanke tsofaffin wasu, ni ina nan ina wanke nawa. Kowa ya riƙe aikinsa."

Suka rabu ba daɗi. Da ta ajiye wayar ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Libarbar ta zo gida wajen ƙarshen zafi. Makullin ta zura shi a igiyar da gicciyenta yake, ta mayar cikin riga. Ba a jima ba wata farar mota ta tsaya a ƙofarta da rana tsaka. Ta ce mini ta buɗe akwatin, ta sa bindigar a aljihun gaban rigar aikinta, ta fita ta tsaya a baranda ta tambayi ko su wane ne. Ashe masu sayar da itacen sanyi ne. Ta sayi lodi ɗaya har ta ba su ruwa. "Na ji tsoro," in ji ta, "amma muryata ba ta nuna ba." Tun daga ranar ta daina jingina tebur a bayan ƙofa, abin da take yi tun bayan fashin nan.

Da kaka ta yi, lokacin gashin tattasai, na hau ƙauye in taya ta kamar kowace shekara. Ina shiga tsakar gida na ga Vukashin tsaye a bakin murhu. Ya yi aski da kansa, duk da ya yanki haɓarsa wuri biyu, ya sa farar riga da kwat ɗinsa na zuwa coci.

"Branimir! Kai ne da wannan tumbin? Matarka ciyar da kai take ko hura ka?"

Na tsaya cak. Na manta rabon da ya kira sunana. Dobrila na bayansa da faranti a hannu, idonta cike da hawaye, tana yi mini alama da kai in amsa, kada in ɓata. Ta raɗa mini cewa haka ya tashi tun safe. Ya san ta, ya tambayi Slavitsa, har ya tuna sunan saniyar da suka sayar shekarun baya.

Muka zauna mu uku. Ni ina juya tattasai a kan faifan ƙarfe, su biyun suna ɓare ƙonanniyar fatar suna zubawa a roba. Ya ba mu labarin wani biki da ango ya faɗa rijiya, labarin da na sha ji, amma ranar muka yi dariya har da riƙe ciki. Dobrila sai kallonsa take, kamar wadda mijinta ya dawo daga doguwar tafiya.

Can sai ya goge hannunsa da tsumma, yatsa bayan yatsa, ya ce, "Dobrila."

"Na'am."

"Jiya na ga wata mata tana wanke mini wando a bakin famfo. Na yi ta tunanin 'yar gidan wa ce, me ya sa take mini wannan wahala. Yau da na farka na gane ke ce."

"To ai ka gane. Ci gaba da ɓara."

"Gobe ba zan gane ba. Wataƙila ma kafin yamma." Muryarsa ba ta rawa, kamar mai maganar farashin masara. "Na san abin da ke bayan kabad, na ga lokacin da Branimir ke kafa shi. Ki ba ni makullin nan. Ki bi shi ku gangara ku sayo burodi. Kada ku yi sauri."

Tattasai na ƙonewa a gabana, na kasa ɗaga hannu in juya.

"Vule," ta kira shi da sunan gida, "ba ka da kunya? A gaban ƙanena?"

"Don yana nan na faɗa, kada a ce ke ce. Na yi miki alkawari a coci zan riƙe ki. Dubi wanda ke riƙe da wani. Yau ɗaya da nake da kaina, ki bar ni in yi miki wannan."

Ta miƙe tsaye, robar da ke cinyarta ta kife. Hannunta na dama yana ƙirjinta, ta damƙe rigar da abin da ke ƙarƙashinta. Shi ma ya miƙe, ya kama ɗayan hannun nata da hannayensa biyu masu maiƙon tattasai, ya ce, "Don Allah, Dobrila. Don Allah." Dogon mutumin nan yana roƙonta yana kuka.

"A'a," ta ce. Ta sake cewa, "A'a. Ka zauna."

Ya zauna. Ta durƙusa tana tsince tattasan da suka zube tana share musu ƙasa da yatsa. Muka ci gaba da aikin don ba mu san abin da za mu yi ba in ba shi ba.

Kafin rana ta karkata ya fara lalube a aljihunsa, yana duba ƙarƙashin kujera. Ya dube ni, ya matsa kusa da ita, ya tambaye ta a hankali wane ne wannan mutumin da ke ƙona musu itace, kuma an biya shi ko ba a biya ba.

Ta kai shi ɗaki ta kwantar da shi. Da ta fito, libarbar na naɗe cikin tawul ɗin kicin, kwalin harsasai a ɗayan hannun. Ta shiga motata ta zauna, ta ce in kira maƙwabciyar, in kai ta wurin Milutin yanzu.

Mun yi nisa a hanya na ce, "Yaya, ba zai taɓa samun makullin ba. Kuma ya riga ya manta."

"Shi ya manta." Ta kalli taga. "Ka ga hannuna lokacin da yake magana?"

"Na gani. Kin riƙe makullin."

"Kai haka ka gani. Ni ban san ko riƙewa na je yi ko cirewa ba, Branimir. Har yanzu ban sani ba. Kuma wata safiyar zai sake tashi da hankalinsa, ranar kuma ba ka nan, ni kuma na kwana ina canza zanin gado."

Na ci gaba da tuƙi.

Milutin bai yi tambaya ba. Ya karɓa, ya buɗe ya duba, ya ce zai yi abin da doka ta ce ya ajiye mata a ma'ajiyarsu, duk Alhamis ɗin da ta zo tana nan tana jiranta. Sau ɗaya ta koma. Ta sa abin kunnen, ta ɗana, ta ɗaga hannu, ta daɗe a haka. Sai ta sauke, ta zazzage harsasan a tafin hannu ta miƙa masa. Ranar ko burek ba mu tsaya ci ba.

Hankalin Vukashin bai sake dawowa irin na ranar ba, ko kuwa in ya dawo ba ta gaya mini ba. Ta koma jingina tebur a bayan ƙofa. Ni kuma na riƙa hawa ƙauye a kai a kai ina kwana biyu. Wajen ƙarshen sanyi ciwon haƙarƙari ya kama shi. Hanya ta toshe da ƙanƙara, kafin a share ta ya yi nisa. A kan gadonsa ya cika, da rana, tana ba shi ruwa da cokali.

Bayan an yi addu'ar arba'in na tambaye ta ko in karɓo mata bindigar, tun da yanzu ita kaɗai ce a ƙarshen layin. Ta ce in gaya wa Milutin ya ba duk wanda hannunsa ya yi daidai da ita. Na ce to tsaro fa? Ta waiga ta dubi ɗakin, ta ce duk wanda ya ga abin da yake so a ciki ya shigo ya ɗauka.

Slavitsa ta zo da mota bayan bikin Ista ta tafi da ita Viyana. Ɗaki ɗaya suka ba ta a hawa na biyar, tagarsa na kallon wurin ajiye motoci. In mun yi waya takan ce lafiya lau take, ba abin da ta rasa, sai dai burodinsu ba shi da ɗanɗano. Gidan ƙauyen yana nan a rufe. Nakan hau lokaci lokaci in buɗe tagogi ya sha iska, in sare ciyawar da ke neman cinye ƙofar.